Gidajen tiki na da da na yanzu: amsa ga ɗan'uwan da ya ga gumaka a ƙofar gidan abinci

Ɗan'uwa, ka ce ka wuce ta gaban Trader Vic's a Dubai, ka ga gumakan itace masu zare ido da rufin jinka da kwale-kwale a rataye, kana son sanin ko al'adar mutanen tsibiran Pasifik ce, da kuma abin da ya raba irin waɗannan gidaje, da ake kira gidajen tiki, na da da na yanzu. Bari in fara da abin da ya fi muhimmanci gare mu: asalinsu mashaya ne, giya ce jarinsu, kuma naman alade na yawan shiga abincinsu a Amurka. Sanin tarihinsu dai yana da amfani, domin yana nuna yadda ake ɗaukar al'adar mutane a mayar da ita kayan ado.

Ba a Tahiti ko Hawai aka haifi abin ba, a Kaliforniya aka haife shi. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa ƙarshen 1933. Da aka ɗage dokar, wani matashi ɗan Texas mai suna Ernest Gantt, wanda ya yi yawon teku a Karibiyan da Pasifik, ya buɗe ƙaramar mashaya a Holiwud ya kira ta Don the Beachcomber. Ya cika ta da gora da tarun masunta da tarkacen da ya kwaso a yawonsa, daga baya ma ya sauya sunansa a kotu ya zama Donn Beach. A Oakland kuma Victor Bergeron ya buɗe tasa a 1934 da sunan Hinky Dink's. Da ya ga kasuwar Donn na ci, sai ya bi sahu, ya sauya ado da suna ya koma Trader Vic's. Wanda ka gani a Dubai jikan wannan ne.

To, me ake ci ake sha a ciki a wancan zamani? A nan ne abin ke ba ni mamaki har yau. Abin shan giyar rake ce da ake kira rum, wadda ake kawowa daga Jamaika da Martinik da Guyana, wato Karibiyan, inda bayi 'yan Afirka suka noma raken shekaru aru-aru. Abincin na Sinawa ne na yankin Kanton, an ƙara masa zaƙi da abarba. Yawancin masu haɗa abin shan a ɗakin baya na gidan Donn 'yan Filifin ne. Ɗaya daga cikinsu, Ray Buhen, ya buɗe tasa mashayar, Tiki-Ti, a Los Angeles a 1961. Shahararren haɗin abin sha na gidajen tiki, Mai Tai, Bergeron ya ce shi ya ƙirƙiro shi a Oakland a 1944 da rum ɗin Jamaika da lemun tsami, Donn kuma ya yi musu. Sunan kaɗai ne na Tahiti, daga kalmar da ke nufin abu mai kyau. Mutanen Polinesiya kuwa, wato tsibiran Pasifik irin su Tahiti da Hawai da Samoa, abin shansu na gargajiya kava ne, saiwar wata shuka da ake dakawa a jiƙa da ruwa, abincinsu kuma gwaza da kwakwa da kifi da naman da ake gasawa a rami da duwatsu masu zafi. Ka ga kenan, Polinesiya a bango kawai take.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ba abin ƙarfi. Sojojin Amurka masu ɗimbin yawa sun dawo daga Pasifik da labarin tsibirai. A 1947 Thor Heyerdahl ɗan Norway ya tashi daga Peru a kan gungumen itace da aka ɗaure, ya kira jirgin Kon-Tiki, ya yi kwana 101 a teku kafin ya isa tsibiran Tuamotu, kalmar tiki ta shiga bakin kowa. A 1959 Hawai ta zama jiha ta 50, jiragen sama masu sauri suka fara jigilar masu yawon buɗe ido zuwa can. Wanda bai da kuɗin jirgi sai ya sa rigar furanni ya tafi gidan tiki na garinsu.

Girman gidajen lokacin shi ne bambanci na farko da na yanzu. Na da fadoji ne. Tonga Room da ke otal ɗin Fairmont a San Francisco, wanda aka buɗe a 1945, tafkin ninƙayar otal ɗin aka mayar kamar gaɓar teku, makaɗa na wasa a kan jirgi a tsakiyar ruwan, lokaci-lokaci a saki ruwan sama da tsawa na ƙarya. Mai-Kai a Fort Lauderdale, wanda 'yan'uwa biyu Bob da Jack Thornton suka gina a 1956, yana da lambu da magudanan ruwa da dandalin rawa. Kahiki a Columbus ta jihar Ohio, garin da ƙanƙara ke rufewa da hunturu, an buɗe shi a 1961 da manyan gumaka biyu a ƙofa wuta na ci a kawunansu. Iyali guda ke zuwa, miji da mata da yara, a yi bikin aure ko na zagayowar ranar haihuwa. Na yanzu yawancinsu ƙananan mashaya ne na manya kawai, abinci ɗan kaɗan ne, hankali duk yana kan abin da ke cikin kofi.

Tsakanin zamunan biyu akwai faɗuwa. A shekarun 1970 matasa suka ɗauki abin tsohon yayi na iyayensu, yaƙin Biyetnam kuma ya ɓata wa Amurkawa mafarkin bukkar jinka a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Gidaje suka yi ta rufewa. Kahiki ya jure har 2000, aka rushe shi aka gina kantin magani a filin.

Bambanci na biyu sirri ne. Donn ya ɓoye haɗinsa ƙwarai saboda abokan gasa na sace masa ma'aikata. Kwalabe ba suna, sai lamba ko laƙabi, mai haɗawa ya san ya zuba kaza daga kwalba mai lamba kaza amma bai san me ke ciki ba. Da tsofaffin suka mutu, ilimin ya kusa bin su, abin da ya rage a kasuwa ruwan zaƙi ne mai launi. Daga shekarun 1990 wani Ba'amurke, Jeff Berry, ya bi tsofaffin ma'aikata da 'ya'yansu yana neman littattafan aljihunsu, ya warware lambobin ya wallafa. A kan aikinsa sabbin gidaje suka ginu: Forbidden Island a Alameda a 2006, Smuggler's Cove na Martin Cate a San Francisco a 2009 mai nau'in rum ɗaruruwa, Three Dots and a Dash a Chicago a 2013, da nasa Berry ɗin, Latitude 29, a New Orleans a 2014. Na da suna sayar da asiri, na yanzu suna alfahari da faɗin inda kowane abu ya fito.

Sai bambanci na uku, wanda a ganina ya fi duka nauyi: maganar gumakan nan da ka gani. A wajen Maori na Niyu Zilan, Tiki sunan mutum na farko ne a labarin halittarsu, kuma hei-tiki da suke sassaƙawa daga koren dutse su rataya a wuya gado ne da ake miƙa wa zuriya bayan zuriya. A Hawai ana ce wa sassaƙen ki'i, suna wakiltar abubuwan bautarsu na da irin su Ku da Lono. Dogayen kawunan dutse na tsibirin Rapa Nui, moai, siffar kakanni ne. Gidajen tiki suka haɗa duka, har da sassaƙen Niyu Gini da ba ta cikin Polinesiya, suka mayar da su kofin tangaran na shan giya, suka zana matan tsibirai rabi tsirara a takardar jerin abinci. Mu ba masu bautar gunki ba ne, yawancin mutanen Polinesiya ma Kiristoci ne yau, amma kowa ya san zafin a ɗauki abin da kakanninsa suka girmama a mayar abin wasa. Ka ƙaddara wani a Turai ya buɗe mashaya ya sa wa ma'aikata rawani da alkyabba, ya rataya garkuwar Zulu kusa da malfar Fulani, ya ce ga Afirka.

Kuma lokacin da ake wannan shagali, tsibiran na cikin wani hali. A 1893 'yan kasuwa farar fata da goyon bayan sojojin ruwan Amurka suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani ta Hawai, a 1896 aka mayar da Turanci harshen koyarwa a makarantu aka ture na Hawai, a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Sai a 1993 majalisar Amurka ta nemi afuwa a rubuce. Daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya a Bikini da Enewetak na tsibiran Marshall, Faransa kuma ta yi gwaji 193 a Moruroa da Fangataufa daga 1966 zuwa 1996. Mai cin abinci a Kahiki a 1966 ba wanda zai tuna masa wannan. Yau 'yan asalin Hawai da Samoa da Tonga da ke aikin otal da mashaya a Amurka suna magana da bakinsu, har sun sa wasu gidajen sun kwashe gumakan, sun daina kiran kansu tiki, sun koma adon jirgin ruwa da 'ya'yan itatuwa. Wasu kuma sun ƙi, suna cewa abin tarihin Amurka ne na kansa. Ni ina tare da masu kwashewa, domin ba abin da gida zai rasa idan kofinsa ya zama siffar abarba maimakon fuskar Ku.

Adalci dai shi ne a faɗi cewa ba duka ne ƙarya ba. A Mai-Kai 'yan tsibiran ne da dama suka riƙa yin rawar, kuma Mireille Thornton, haifaffiyar Tahiti, ita ta daɗe tana tsara ta. An sa gidan cikin rajistar wuraren tarihi na Amurka a 2014, rufinsa ya lalace a 2020, aka gyara aka sake buɗewa a 2024. Shi kuwa Trader Vic's, reshensa na otal ɗin Hilton a Landan da aka buɗe a 1963 ya rufe a ƙarshen 2022, yanzu ƙasashen Larabawa na Gulf ne suka fi riƙe sunan, shi ya sa ka gamu da shi a Dubai.

Idan abincin mutanen tsibiran na gaske kake son gani, sai a wuraren da su kansu suke ci. A Honolulu akwai Helena's Hawaiian Food, da yake aiki tun 1946, inda ake sayar da poi, wato gwaza da aka dafa aka kirɓa da ruwa har ya yi laushi. A Auckland kasuwar Otara na ci kowace Asabar, Samoawa da Tongawa na sayar da gwaza da ganyensa dafaffe da madarar kwakwa. A can ma ka tambaya kafin ka ci, domin naman ramin da Hawai ke kira kalua yawanci na alade ne, kifi da gwaza ne suka fi maka sauƙi.