Tsohon jirgin da ake kula da shi, ko sabon da aka jingine?

Malam, ka ce an nuna maka ƙananan jiragen sama Cessna 172 guda biyu: ƙirar 1978 da ke tashi duk mako, da ƙirar 2005 da ya shekara biyu a ajiye, kana son sanin wanne zai fi tashi da ƙarfi.

A takarda na 2005 ne a gaba. In samfurin 172S ne, injinsa na kamfanin Lycoming mai ƙarfin doki 180 ne, na 1978 kuwa 160 ne, mai kafireta. Sai dai wannan lissafin ranar fitowa daga kamfani ne.

Zama ne ke cinye irin wannan injin. Kamshaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul, a sama yake, idan an daɗe ba a tashi ba baƙin mai ya tsiyaye ya bar shi a bushe, danshi ya shiga, tsatsa ta kama. Da an tayar sai ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, bawul ya daina buɗewa sosai, ƙarfi ya ragu. Shi ya sa Lycoming ta ce a yi wa injin garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga cika. In ba a taɓa buɗe na 2005 ba, wa'adinsa ya wuce tuni ko da awanninsa kaɗan ne.

Shi ma tsohon yana da nasa ciwon. Fenti kan fenti da tsofaffin wayoyi suna ƙara masa nauyi, ƙofar da ba ta rufuwa daidai tana jan iska, robobin da ke tura iska kan silinda kuma in sun tsage inji zai riƙa zafi wajen hawa. A leƙa cikin fukafukai da tocila, farin gari a jikin alminiyam alamar ruɓewa ce.

Kafin ka biya, injiniya ya hura iska mai matsin 80 a ma'aunin psi a kowace silinda. Wadda ta riƙe ƙasa da 60 a bincike ta. Ya yanka filtar baƙin mai ya baje takardar a rana, in ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe ka dakata. A gwajin maganeto, wato na'urori biyu da ke ba filogi wuta, bambancin juyin inji tsakanin na hagu da na dama kada ya wuce 50 a minti. Filtar iska ma a duba, ƙurar hunturu ba ta raga mata.

In littafin gyaran na 1978 cikakke ne, ana canza masa baƙin mai duk awa 50, shi na fi amincewa da shi. Na 2005 sai an ciro silinda ɗaya an ga lafiyar kamshaf ido da ido.