Aika guzuri gaba ta gidan waya: abin da na gani a tafiyar mil 700

Kwali biyar na ɗaure kafin in ɗora jaka a baya. Niyyata in taka ɓangaren farko na hanyar Pacific Crest Trail ta yammacin Amurka, wadda ta miƙe mil 2,650 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada. Ni dai daga Campo na tashi, na tsaya a Kennedy Meadows, wajen mil 700. Ba mai iya ɗaukar abincin makonni a wuyansa, domin abincin yini ɗaya ma yakan kusan kilo guda. Shi ya sa na gwada tsarin da ake kira General Delivery: ka rubuta sunanka da wannan kalma da sunan garin a jikin kwali, ka ƙara ranar da kake sa ran isowa, gidan waya ya ajiye maka har kwana 30. In ka iso ka nuna katin shaida mai hoto, a miƙo maka kayanka.

Tsakani da Allah, tsarin ya cika alkawari. Ko kwali ɗaya bai ɓace ba. Ba zan manta da na Warner Springs ba, bayan mil ɗari da ɗoriya cikin rana da ƙarancin ruwa. Na iso ƙafa duk bororo, jakata ba komai sai ɗan abin da ba ya kai dare. Da na yanke salatif na ga safa sabuwa fil da batir da maganin da nake sha kullum, sai da na zauna a ƙasa na yi shiru. Mai larurar da ta hana shi cin wani abinci, ko mai shan magani, wannan tsari gata ne a gare shi, don ƙaramin shago a ƙauye ba lalle ya samu abin da yake bukata ba.

Inda na sha wuya shi ne wajen hutu, kuma wannan ne ba a cika faɗa wa sabon shiga ba. Matafiya suna da abin da suke kira ranar sifiri, wato ranar da ba a taka ko mil ɗaya: a yi wanka, a wanke tufafi, a cika waya da caji, a ɗaga ƙafa sama kumburi ya sauka, a ci a ƙoshi. Jiki ne ya kamata ya zaɓi wannan rana. Amma da zarar kana da kwali a gaba, agogon gidan waya ne ke zaɓa maka. A ƙananan garuruwa ana rufewa da wuri ranar Asabar, Lahadi kuwa ba a buɗewa sam. Sau ɗaya na yi kwana biyu ina ƙure gwiwata don in riski ƙofa a buɗe, na iso da yammacin Asabar an riga an tashi. Na zauna har Litinin, hutun da ban shirya ba, bayan na ƙi hutawa a ranar da gwiwar ta roƙe ni. Ciwon nan ya bi ni sama da mako guda.

Sai kuma abin da ke cikin kwalin. Wanda ya ɗaure shi yana zaune a ɗaki ne, a ƙoshe, bai san yunwar mako na huɗu ba. Abin da na ɗauka zai ishe ni kwana biyar, a uku yake ƙarewa, kuma abincin da na saya da yawa don ina sonsa ya gundure ni har ba na son ganinsa. Rabinsa a akwatin da matafiya ke barin abin da ba sa so ya ƙare, wani ya ɗauka. Takalmi ma haka. Yakan mutu bayan kamar mil 500, don haka na aika sabo gaba, ashe ƙafa tana buɗewa da doguwar tafiya, ya matse ni. Gwangwanin gas na girki kuwa dokar aika shi tana da tsauri, gara a saya a hanya.

Kwalin ƙarshe shi ne ya fi kowanne amfani. Daga Kennedy Meadows ake shiga tsaunukan Sierra, inda a wurare da dama doka ta wajabta sa abinci cikin gwangwani mai tauri da dabbar beyar ba ta iya buɗewa. Yana da nauyi, ba dalilin jan sa a hamada tun daga Campo. Shagon wurin ne ke karɓar kwalaye a madadin matafiya, kuma gwangwanin da na aika a kwalin ya same ni daidai inda ake bukatarsa.

In Allah ya sa na koma, kwali biyu zan aika: Warner Springs da Kennedy Meadows. Garuruwa irin su Big Bear da Tehachapi suna da manyan shaguna, can zan saya abin da cikina ya nema a ranar, in kwana biyu in gwiwa ta ce a kwana.