Yadin Indiya saƙar hannu a kasuwar Garwa, ya cancanci kuɗinsa?

Jama'a masu tambaya ta inbos kan farin yadin da na ɗinka kaftani da shi, a layin 'yan yadi na babbar kasuwar Garwa na saya, wajen wani Alhaji mai kawo kaya daga Indiya. Khadi ake ce masa, auduga ce zalla, da hannu ake kaɗa zaren da hannu ake saƙawa. Amsa a taƙaice eh ya cancanta, amma akwai abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku je.

Wlh a zafin Garwa na watan Afirilu ban taɓa sa tufa mai shan iska irin wannan ba, gumi ba ya manne maka a jiki, kuma duk wanki ƙara laushi yake. In ka ɗaga shi a rana za ka ga zaren bai daidaita ba wani wuri kauri wani wuri siriri, kar ka ce aibi ne, shaidar hannu ce, kamar saƙin kakanninmu.

Tsada kam yana da ita, ya fi yadin China nesa ba kusa ba, kuma Alhaji ba ya son ciniki, sai ya ce maka Malam in arha kake nema ga leda can. Ni dai na biya ban ji ciwo ba saboda na san abin da ke bayan yadin nan. Kafin Turawan Ingila su kama Indiya, Indiyawa ne masaƙan duniya, yadin birnin Dhaka da ke yankin Bengal har sarakunan Turai ke rububinsa, ya kai a 1700 da 1721 majalisar Ingila ta yi dokar hana yadin Indiya mai zane don kare masaƙunta. Kamfanin East India na Turawan Ingila da aka kafa a 1600 ciniki ya zo yi, bayan yaƙin Plassey a 1757 ya koma mai mulki da karɓar haraji a Bengal, daga nan fa abu ya juye, ɗanyar auduga ta fita a jirgin ruwa, injinan Manchester su saƙa a dawo a sayar wa mutanen da suka noma ta, masaƙa da yawa suka bar sana'a suka koma gona dole. Mu da ke zaune cikin gonakin auduga daga nan har Marwa har ƙetaren Chadi, muna kallon tirela na ɗaukar bel-bel zuwa Duwala mu kuma muna sayen atamfar waje, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba, abin yana min ciwo gaskiya.

Shi ya sa Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya riƙe kaɗi da hannunsa, ya ce kowa ya kaɗa zarensa ya sa nasa, a 1921 har tara tufafin waje aka yi ana cinna musu wuta a Bombay, yadin nan ya zama rigar masu neman 'yanci har suka samu a 1947. Shuɗin da Alhaji ke da shi ma rinin baba ne, baban da aka tilasta wa manoman yankin Champaran na Indiya shukawa a gonakinsu sai da Gandhi ya shiga maganar a 1917.

To inda na ga gyara. Shuɗin yana zuba sosai a wankin farko, kar uwargida ta haɗa shi da fararen kaya. Yana tsukewa kuma, ku jiƙa shi ya bushe kafin ku kai wa tela in ba haka ba hannun riga zai gudu. Yamutsewa ba a magana, kullum sai guga. Sannan ba duk bandir ɗin da ke shagon ba ne saƙar hannu, akwai na inji a gefe masu kama da shi, Alhaji ba ya ɓoyewa in ka tambaya amma yaransa ba sa bambancewa, ya kamata ya raba musu kanta. Ku je da safe lokacin yana nan da kansa, ku ƙara rabin yadi kan abin da tela ya ce.