Fogo, Karthala ko Teide: wanne ya dace da matafiyi daga Sakkwato?

Duk wanda ya ƙuduri zuwa ganin dutse mai aman wuta a tsibiri, abin da zai fara tambaya shi ne: da fasfon Najeriya, ina za a bar ni in shiga ba tare da wahala ba? Amsar wannan ita ke raba waɗannan wurare uku, kafin a zo maganar kyau.

Ni dai Fogo nake fifitawa. Tsibiri ne a ƙasar Kabo Berde, wadda take cikin ECOWAS, don haka ba ka bukatar biza. Dutsen Pico do Fogo ya kai mita 2,829, kuma a gindinsa, cikin tsohon bakin dutsen, wato ramin da wuta ta taɓa fitowa, da aka keɓe a matsayin gandun da ake karewa, akwai ƙauyen Chã das Caldeiras. A ƙarshen 2014 dutsen ya yi aman wuta, narkakken dutse ya binne gidaje da gonaki. Mutanen suka dawo suka sake gini a kan baƙin dutsen da ya daskare. Za ka ga rufin wani tsohon gida ya leƙo daga cikin dutse, ga sabon ɗaki kusa da shi, ga kurangar inabi ta tsiro daga baƙar toka. Hawa ana fara shi tun asuba tare da ɗan jagora, saukowa kuma cikin toka mai laushi ake yi, ƙafa tana nutsewa har idon sawu, don haka ka tanadi takalmi mai rufe ƙafa sosai.

Sai dai a kula da abubuwa biyu. Hazon hunturu da muke sha a nan yana ƙetare teku har can, yakan sa a soke tashin ƙananan jirage tsakanin Praia, babban birnin ƙasar, da São Filipe, babban garin Fogo, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Sannan abincinsu na gargajiya, cachupa, galibi ana sa masa naman alade. Ka nemi na kifi. Wajen sayen tikiti kuma ka zaɓi hanyar Dakar ko Kasablanka. Wanda ya bi ta Lisbon, ko bai fita daga filin jirgi ba, sai da bizar wucewa.

Mai tafiya da iyali da ke son jin kiran salla a kusa, ya duba Komoros. Ƙasar Musulmi ce, ana ba da biza a filin jirgi, kuma jirgin Habasha yana zuwa Moroni, babban birninta, ta Addis Ababa. Dutsen Karthala, mai tsayin mita 2,361, yana da ɗaya daga cikin manyan bakunan duwatsun da har yanzu suke aman wuta a duniya, amma hawansa ba wasa ba ne: daji mai danshi, tafiya mai tsawo, mutane da yawa kan kwana a hanya. Yara da tsofaffi ba za su iya ba. Abin da zai faranta musu rai shi ne tsibirin Mohéli, inda kunkurun teku ke fitowa da dare su yi ƙwai a bakin ruwan Itsamia. Lokacin da ya fi shi ne Mayu zuwa Oktoba, kafin damina da guguwa.

Teide, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, ya fi su duka tsari. Tsayinsa mita 3,715, gandunsa an kafa shi tun 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2007. Akwai keken igiya, wato ɗan ɗakin da ke tafiya rataye a waya, da ke kai ka har mita 3,555 cikin 'yan mintuna, sauran zuwa ƙololuwa sai da izinin da ake nema tun kafin tafiya. Iska mai ƙarfi takan sa a rufe keken, kuma ba a ɗaukar mai juna biyu ko mai ciwon zuciya. Sanyin can kuwa ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba, har ƙanƙara takan rufe saman dutsen. Babbar matsalar ita ce bizar Schengen, wato ta shiga Sifen da yawancin ƙasashen Turai: takardun banki, zirga-zirga zuwa Abuja ko Legas, kuɗin da ba a mayarwa idan an hana ka. In ba kana da bizar a hannu ba, kar ka biya kuɗin otal a Tenerife tukuna.

Ko wanne ka zaɓa, daga filin jirgin Sultan Abubakar III sai ka fara sauka Abuja ko Legas, saboda haka ka bar kwana ɗaya tsakanin jirgin gida da na waje, kuma katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfonka.