Garin "ba alkama" da na saya wa ɗana, da abin da ya biyo baya

Duk uwar da ke Sakkwato wadda likita ya hana ɗanta cin alkama, da wuya ba a turo mata hoton garin nan na Hajiyar da ke talla a WhatsApp ba, mai farar leda da koren rubutu. Kun san shi, kun san kuɗinsa, ba arha ba ne. Ni na saya, kuma ina da magana.

Ɗana shekararsa shida, ƙwannafi ya daɗe yana wahalar da shi. Yana gama cin abinci ruwa mai tsami zai taso masa har maƙogwaro, ya dafe ƙirji yana cewa "Umma, zafi", da dare kuma tari ya hana mu barci gaba ɗaya. In an ba shi maganin ƙwannafi na omeprazole sai ya lafa, ana dainawa ya dawo. Abin da ya sa likitan yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zurfafa bincike shi ne yaron ba ya ƙiba, ciki kullum a kumbure, jini kuma ya yi ƙasa. Aka tura jininsa gwajin tTG-IgA, daga baya aka tabbatar cutar siliyak ce. Gulutin, wani sinadari mai danƙo da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa garkuwar jikinsa ta riƙa lalata bangon ƙaramin hanji, abinci ya kasa shiga jiki. Likita ya ce masu ita da yawa suna fama da ƙwannafi, kuma yakan ragu in an bar alkama kwata-kwata. Burodi, taliya, Indomie, semovita, cincin, alkaki, funkaso, duk muka yi sallama da su.

Rabuwa da wainar fulawa ce ta fi yi masa ciwo, don yara na saye a ƙofar makarantar Islamiyya yana kallo. Shi ya sa ledar farko ta faranta min rai sosai. Haɗin acha ne da shinkafa da gero, laushi lukui, ba tsakuwa, ba warin ajiya. Wainar tana ɗan karyewa wajen juyawa, amma ya ci ya lashe hannu, ya kwana lafiya. Har matan unguwarmu na riƙa yi wa tallarta kyauta.

Leda ta biyu ta zo gab da Sallah. Wainar ta yi kyau fiye da da, tana tashi daga kasko lafiya lau. Ba a jima ba ciki ya fara kumbura, gudawa ta dawo, ga wannan dafe ƙirjin da na ɗauka mun rabu da shi. Na bi duk abin da ya ci, na tambayi malamarsu, na tambayi kakarsa ko ta ba shi biskit a ɓoye, ta rantse ba ta ba shi ba. Sai na kwaɓa garin da tauri, na riƙa murza shi a cikin kwanon ruwa. Farin ruwan ya fita, ya bar min wani ɗan dunƙule a tafin hannu mai danƙo kamar cingam, ina ja yana miƙewa. Acha ba ta yin haka, shinkafa da gero ba sa yi. Alkama ce.

Na kira mai garin jikina na rawa. Da farko ta musa, da na faɗa mata abin da na gani sai ta ce, "Hajiya ki yi haƙuri, ɗan kaɗan na, gwangwani guda ga kwano. Mutane sun ce garin bai kamawa. Wanga ɗan abu mi zai yi mai?" Wallahi wannan tambayar ta fi fulawar ƙona min rai. Ƙa'idar duniya ita ce ba a rubuta wa abinci "ba gulutin" sai abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. Ita kuma gwangwani take aunawa. Da na ƙara matsa ta, ashe a injin unguwa take niƙa, inda mata ke layi da alkamar funkaso da alkaki, ba wanda ke wanke injin tsakanin niƙa da niƙa. Ke nan ko ledar farko Allah ne kawai ya tsare.

Ba zan zalunce ta ba: ta ba da haƙuri, ta kira washegari ta tambayi jikin yaro, kuma ban ga alamar mugunta a tare da ita ba, rashin sani ne. Wanda ke son garin acha mai tsabta don kunu, ba lalura a gidansa, zai ji daɗinsa. Har na fara sauka, na ce a bar maganar.

Sai na buɗe shafinta na ga ledar nan dai da rubutunta yadda yake, ta kuma ƙara da cewa duk yaro mai ƙwannafi ko tumbuɗi a cire masa alkama a koma garinta. Wannan ba daidai ba ne. Tumbuɗin jarirai yawanci da kansa yake wucewa wajen shekara guda, kuma akasarin ƙwannafin yara ba ruwansa da alkama. Sannan in uwa ta cire alkama kafin a ɗebi jini, gwajin na iya nuna lafiya ƙalau alhali cutar na nan. Likita ya gargaɗe mu a kan wannan tun ranar farko.

Yanzu gero da acha nake saya a Babbar Kasuwa, in tsince, in wanke, in niƙa a ƙaramin injin da baban yara ya sayo, ba a zuba masa komai sai na yaron. Kuɗin leda ta biyu ta ce za ta turo, har yau ban ga saƙon banki ba.