Famfon gas na Hilux da takwarorinta: wanne ne ke jure man da ake sha a Katsina?

Yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Katsina masu shan fetur ne, injin lita 2.7. Waɗanda ke neman mai shan gas galibi masu aikin ƙarfi ne: 'yan kwangila, manyan manoma, da masu ɗaukar kaya tsakanin Daura, Mai'aduwa, Jibiya da Funtuwa. Injin gas yana da ja, ga tsimin mai, kuma ba kasafai shi kansa yake ajiye mota ba. Abin da ke ajiye ta a gareji wata da watanni shi ne famfon da ke tura mai zuwa nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji. Iri uku ake samu a motocin da ke shigowa nan, kuma tazarar da ke tsakaninsu wajen juriya ba ƙarama ba ce.

Na farko shi ne tsohon famfo mai rarraba mai da kansa, irin na injin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser. Ana auna matsin mai da ma'aunin da ake kira ba (bar), kuma matsin da ke buɗe nozul ɗinsa bai kai 200 ba, don haka yana haɗiye ɗan datti bai ce uffan ba. Idan ya gaji, a hankali yake nunawa: wahalar tashi in inji ya yi zafi, yoyo ta roba, baƙin hayaƙi a hawa. Ana kwance shi, a sauya robobi, a saita shi a benci ya koma aiki. Aibinsa rashin gudu da yawan hayaƙi. Wanda aikinsa cikin ƙauyuka ne, inda man jarka kaɗai ake samu, har gobe wannan ya fi masa.

Na biyu, wanda ya fi yawa a kasuwa, shi ne Denso HP3. Shi ne a Hilux Vigo masu injin 2KD da 1KD, da Mitsubishi L200 mai 4D56 na zamani, da Nissan Navara mai YD25. Wannan ba ya rarraba mai. Aikinsa ya matsa shi cikin bututun ƙarfe guda, wato rel, kwamfutar mota kuma ta riƙa buɗe nozul ɗaya bayan ɗaya. Matsin yana kama wa daga ba 1,350 a na farko-farko zuwa ba 1,800 a na baya, Hilux Revo da ta fito a 2015 da injin 1GD da 2GD kuwa ta wuce ba 2,000 da sabon famfonta. A irin wannan matsi, ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe 'yan maikiron ce kawai, alhali kaurin gashin kai ya kai kusan maikiron 70. Babu baƙin mai a cikin famfon. Gas ɗin da yake turawa shi ne ke shafe shi, shi ne kuma ke sanyaya shi. Duk abin da ya rage wa gas santsi, ruwa ne, kananzir ne ko fetur da aka zuba bisa kuskure, kai tsaye ƙarfen famfo yake ci.

Duk da haka HP3 famfo ne mai haƙuri. Ƙananan fistin biyu gare shi, kuma zoben da ke tura su yana da faɗin wurin zama, ba ya saurin fashewa. Lagonsa ɗaya ne: bawul ɗin da ke bayansa mai auna yawan man da zai shiga, wanda ake kira SCV. Idan datti ya sa ya fara maƙalewa, mota takan yi rawa a silo, ta mutu in an sauke ƙafa a shataletale, ko ta yanke ƙarfi ana tsakiyar wuce tirela, fitilar gargaɗin inji ta kunnu. A kashe a sake tayarwa sai ta dawo garau, jim kaɗan ta sake. Sikana, wato na'urar duba kwamfutar mota, kan nuna lambobin matsala P0087, P0088, P0093 ko P1229 a Toyota. A nan ne ake yi wa masu mota asara mafi yawa, domin da an ga waɗannan lambobi sai a ce famfo ya mutu, a tura Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na Beljiyam wanda ba a san tarihinsa ba. Sau da yawa bawul ɗin ne kawai, kusoshi biyu ke riƙe da shi, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na famfo ba.

Kafin a taɓa famfo, a fara sauya filtar mai, a juye tsohuwar cikin kwalba mai haske a ga ko ruwa zai kwanta a ƙasa. Sai a duba iska. Vigo ba ta da famfon lantarki a tanki, famfon injin ne ke zuƙo mai tun daga baya, don haka tsagewar tiyo ko lalacewar robar ɗan famfon hannu da ke kan filta ba ta zubar da mai, iska take ja. A saka tiyo mai haske tsakanin filta da famfo a ga ko kumfa na wucewa. Bayan nan a duba matsin rel a sikana: a silo ya zauna kusa da ba 300 zuwa 400 ba tare da hawa da sauka ba, kuma abin da kwamfuta ta nema da abin da ta samu su tafi tare in an taka. In matsi ya gaza, a auna man da kowane nozul ke mayarwa tanki a kwalabe huɗu. Nozul ɗaya mai yoyo ya isa ya hana mota tashi ko da famfo sabo ne. Sai an wuce duk waɗannan za a sauya SCV, kuma a dubi lambarsa da kyau, domin akwai dogo akwai gajere. Bayan ɗaurawa dole a sa kwamfuta ta sake koyon famfon, in an sauya nozul kuma a shigar mata da lambobin da ke kansa.

Tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki don a fitar da iska ta dace da tsofaffin injina irin 5L da 1HZ ne kawai. A injin rel, man da ke fita da wannan matsi yana huda fata ya shiga tsoka, ana iya rasa yatsa ko hannu. Masu gareji su hana yaransu.

Na uku shi ne Bosch CP4, wanda ke zuwa a manyan motocin Amurka da kuma Volkswagen Amarok mai lita 2.0. Ford ta fara saka shi a injin lita 6.7 a 2011, GM ta yi amfani da shi a injin Duramax daga 2011 zuwa 2016 sannan ta koma Denso a 2017. Ram ta gwada shi a injin Cummins na 2019 da 2020, ta janye motoci fiye da 200,000 don gyara a 2021, ta koma tsohon famfon Bosch CP3. Matsalar a ƙirarsa take. Wata 'yar rola ce ke gudu a kan kam, wato ƙarfe mai juyawa mai tudu biyu, kuma siririn shafin gas ne kaɗai ke raba su. Da santsi ya ragu ko iska ta shiga, sai rolar ta daina juyawa ta fara gurza, wani lokaci mazauninta ya juya a gicciye. Garin ƙarfen da ke fita ba ya tsayawa a nan, domin man da ya shafe ƙasan famfon shi ne ke haurawa zuwa rel da nozul, ragowar ta koma tanki. Motar da ke tafiya lafiya a hanyar Katsina zuwa Daura sai ta mutu nan take, gyaran kuma ya haɗa da famfo, duka nozul, rel, bututai, filta da wanke tanki. Wanda ya sauya famfo kaɗai ya bar sauran, garin ƙarfen da ya rage zai cinye sabon. Ko a Amurka, inda gas ɗinsu bai kai na Turai santsi ba, famfon ya sha ƙorafi, balle inda ake ajiye mai a duro. Hukuncinmu a kansa shi ne a guje shi, sai in an riga an mayar da motar CP3 ko an ɗaura mata na'urar da ke karkatar da man ƙasan famfo ya sake bi ta filta.

Ga mai HP3, kariyar ba ta da tsada. A ƙara filta mai raba ruwa ta maikiron 30 kafin ta asali, a riƙa sauya filta duk kilomita 10,000 saboda ƙurar hunturu da yanayin man da ake samu, da damina kuma a zubar da ruwan ƙasanta duk mako. Filtar jabu ta yi yawa a kasuwa, kwali iri ɗaya, takardar ciki kuwa ba ta tare komai, saboda haka a sayi wannan a wurin da aka amince da shi ko da ya fi tsada. Kada a sha mai a gidan man da tanka ke sauke kaya a lokacin, kada kuma a bar tanki ya yi ƙasa da kwata. In an zuba fetur bisa kuskure, kada ma a murza makulli, a ja motar a zubar.

Mai sayen mota ta hannu ya je da sassafe kafin a ɗumama inji, ya ga ko za ta tashi a murzawa ɗaya. Ya nemi a cire SCV, ko bawul ɗin saman famfo in CP4 ne, a haska da tocila. In akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a jikinsa, kuɗin famfo da nozul duka ya fita daga farashin motar kafin a yi ciniki.