Rumbun bayanan SHARAD na hukumar NASA: amfaninsa da iyakarsa

Duk mai son sanin abin da ke ƙarƙashin ƙurar duniyar Mars ba tare da ya dogara ga labaran jaridu ba, zai amfana da rumbun bayanan NASA da ake kira PDS, musamman sashensa da ke Jami'ar Washington a birnin St. Louis na Amurka. A nan ake ajiye bayanan SHARAD, na'urar radar da hukumar sararin samaniyar Italiya ta samar wa kumbon Mars Reconnaissance Orbiter, wanda ya isa Mars a 2006. Bayanan kyauta ne, kuma manhajar bincike ta Orbital Data Explorer tana ba mutum damar zaɓen yanki a taswira ya sauke abin da kumbon ya ɗauka lokacin da ya ratsa samansa.

Na'urar tana harba igiyoyin rediyo tsakanin megahaz 15 zuwa 25, sannan ta saurari amsa-kuwwar da ke dawowa daga doron ƙasa da kuma shimfiɗun da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya kamata mai amfani da rumbun ya riƙe shi ne cewa na'urar lokaci take aunawa, ba zurfi ba. Igiyar tana rage gudu gwargwadon yadda abin da ta ratsa yake riƙe lantarki, kuma ma'aunin wannan riƙo ya kai kusan 3.1 a ƙanƙarar ruwa, ya fi haka nesa a dutsen aman wuta mai tauri, a ruwa kuwa ya kai wajen 80. Saboda haka idan aka san kaurin wani tudu daga bayanan MOLA, na'urar da ta auna tsayin doron Mars, aka kuma ga lokacin da amsa-kuwwar gindinsa ta ɗauka kafin ta dawo, ana iya lissafa ma'aunin riƙon lantarkin, daga nan a yi hasashen ko ƙanƙara ce ko dutse. Da irin wannan lissafi aka nuna cewa tuddan da ke kewaye da tsaunukan Deuteronilus Mensae ƙanƙara ce da tarkacen duwatsu suka lulluɓe.

A ganina, mafi darajar abin da ke rumbun shi ne hotunan kwaikwayo na amsa-kuwwar gefe, wato hotunan da kwamfuta ke haɗawa don nuna amsa-kuwwar da tsaunuka da tuddan doron ƙasa kaɗai za su mayar. Wani tsauni da ke can gefen hanyar kumbon yana iya mayar da igiyar a makare, sai ta bayyana a hoto kamar shimfiɗa ce a ƙarƙashin ƙasa, alhali ba komai a wurin. Idan aka jera hoton na'urar da na kwaikwayon, duk layin da ya fito a biyun na gefe ne, wanda ya fito a na farko kaɗai shi ya cancanci a bi diddiginsa.

Iyakar aikin kuwa daga kimiyyar take. Ma'auni na kusan 3 yana iya nufin ƙanƙara, yana kuma iya nufin busasshiyar tokar aman wuta mai yawan ƙofofi, wanda shi ya sa aka daɗe ana jayayya kan yankin Medusae Fossae. Rumbun ya dace da ɗalibin ilimin ƙasa ko na lantarki da zai iya haƙurin karanta takardun bayanin da ke tare da kowane fayil, amma wanda yake neman kyawawan hotuna kawai zai gaji da wuri, domin abin da zai gani layuka ne farare a kan baƙin fili.